Gallica da neman sahihin jerin direbobin Grand Prix na farko

Duk wanda ya taɓa zama don tattara sunayen waɗanda suka shiga tseren motoci na Grand Prix a shekarun farko ya san cewa saman takarda ba ya da wahala. A tseren Grand Prix na Faransa da aka yi a ranakun 26 da 27 ga Yunin 1906, a kan wata kewayayyiyar hanya mai tsawon kilomita 103 kusa da garin Le Mans na ƙasar Faransa, Ferenc Szisz ya zo na ɗaya a motar Renault, Felice Nazzaro na FIAT ya biyo shi, Albert Clément kuma ya zo na uku. Gardamar tana ƙasan takardar ne, wato wa aka rubuta wa suna, wa ya kawo mota, wa ya tashi da ita, wa kuma ya zauna gefen direba a matsayin makanike. Domin wannan aiki nake amfani da Gallica, rumbun intanet na Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Faransa wanda aka buɗe a 1997, kuma a ganina ga tseren da aka yi a Faransa nan ne ya kamata mai bincike ya fara.

Karatu a rumbun kyauta ne, ba a kuma tilasta wa kowa rajista kafin ya buɗe shafi, ya ƙara girmansa, ko ya sauke shi. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan fanni shi ne jaridar L'Auto, wadda aka kafa a 1900 ƙarƙashin jagorancin Henri Desgrange, take kuma fitowa kullum har zuwa 1944. An jera fitowarta bisa kalanda, shekara da wata da rana, kuma wannan tsari, wanda mutum zai iya ɗauka ƙaramin abu ne, shi ne gishirin hidimar baki ɗaya. Dalili kuwa shi ne jerin masu shiga tsere abu ne mai sauyawa. Kamfani yakan biya kuɗin shiga tun watanni kafin tsere, wani lokaci ba tare da ya bayyana direba ba, daga baya a yi ƙuri'ar lambobi, sannan a zo ranar awo inda ake ɗora kowace mota a kan sikeli, domin dokar 1906 ta kayyade nauyin mota kada ya wuce kilo 1,000. Tsakanin waɗannan matakai mota takan lalace a gwaji, direba yakan ji rauni, kamfani yakan janye. Littattafan da aka rubuta daga baya sukan ɗauki jeri ɗaya daga cikin waɗannan su buga shi kamar shi kaɗai ne, amma wanda ya bi jaridar rana bayan rana zai ga sunaye suna shiga suna fita a gaban idonsa, har ya gane dalilin da ya sa motoci 34 da aka yi wa rajista a 1906 suka koma 32 a wajen tashi.

Misalin da ya fi fito da wannan tazara fili shi ne Grand Prix na Faransa na 1926 a Miramas, inda sauran kamfanoni suka janye, aka bar motocin Bugatti guda uku kacal suka tashi, Jules Goux ya yi nasara. Wanda ya dogara da jerin rajista kaɗai zai ƙirƙiro tseren da ba a taɓa yi ba.

Sai batun sunaye, inda aikin yake cin lokaci ƙwarai. Szisz ɗan ƙasar Hangari ne, amma a Faransa François ake kiransa, kuma sau da yawa ana rubuta sunansa Sisz, don haka wanda ya sa rubutu ɗaya tak a akwatin bincike zai tsallake shafuka masu yawa bai sani ba. Ga kuma sunayen aro, waɗanda 'ya'yan manyan gidaje da wasu direbobi suke fakewa a bayansu. Levegh na wajajen 1900 sunansa Alfred Velghe, haruffan sunan kawai ya jujjuya. Sabipa, wanda ya ci Grand Prix na Italiya a 1926, shi ne Louis Charavel. A tseren Monako na farko a 1929, wanda ya yi nasara da sunan Williams shi ne William Grover-Williams, wanda ya zo na huɗu da sunan Georges Philippe kuwa Philippe de Rothschild ne. Jarida ba ta cika warware irin wannan a cikin jerin sakamako ba, sai dai a wani ɗan guntun labari na gefe, wanda ba ya faɗowa hannu sai an karanta shafin gaba ɗayansa.

A nan ne iyakar akwatin binciken take. Na'ura ce take karanta haruffan tsofaffin shafukan, kuma L'Auto a kan takarda rawaya ake buga ta, da ƙananan haruffa da layuka a matse, ga jadawalin lokuta da lambobi sun cushe wuri ɗaya. Irin wannan bugu yakan rikitar da kowace na'ura, musamman a lambobin 1906, inda kowane kamfani yake da lamba, kowace mota kuma take da harafi, kamar 3A ta Szisz. Abin da na fi samun biyan buƙata da shi shi ne in nemi kalmomin da jaridar kanta take amfani da su, irin su engagements, wato rajistar shiga, da pesage, wato awo, in taƙaita kwanakin, sannan in karanta hoton shafin da idona. Wanda ba ya jin Faransanci zai sha wuya, ko da yake jadawali da sunaye ba sa buƙatar dogon ilimin harshe.

Hotuna su ne shaida ta biyu, kuma rumbun yana da su da yawa, daga mujallar La Vie au grand air da tarin hotunan kamfanin dillancin hoto na Rol. Idan aka ƙara girman hoto, lambar da ke jikin mota takan fito sarai, sai a gwada ta da jeri. Amma bayanin da ke ƙarƙashin hoto ɗan Adam ne ya rubuta shi cikin gaggawar aikin jarida, kuma fuskar da ta sha ƙura da kwalta, ga tabarau ya rufe rabinta, ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Makanikai ne suka fi kowa ɓacewa. Sai a 1925 aka daina ɗaukar su a motocin Grand Prix, bayan mutuwar wani makanike mai suna Tom Barrett a tseren San Sebastián na ƙasar Sifen a 1924, amma duk da haɗarin da suke fuskanta daidai da na direba, jeri da yawa ba sa ambaton su, in ma an ambata, suna ɗaya ake gani, kamar Marteau wanda ya zauna gefen Szisz a 1906. Abin lura shi ne Szisz kansa daga wannan kujera ya taso, domin ya yi wa Louis Renault makanike kafin a ba shi sitiyari.

Ya kamata mai bincike ya riƙa tuna cewa da idon Faransa waɗannan jaridu suke kallon tsere, sun kuma fi sanin abin da ke gudana a masana'antun Renault da Panhard fiye da na baƙi. Idan ana son tantance ayarin Mercedes da Christian Lautenschlager ya ci nasara da shi a Dieppe a 1908 da Lyon a 1914, sai an haɗa da jaridun Jamus, haka nan direbobin FIAT sai an leƙa tsofaffin fitowar La Stampa ta birnin Turin, inda kamfanin yake.