Asusun Mata Masu Dubara a Maradi: abin da yake iyawa da inda ƙarfinsa ya tsaya

Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fi sani da MMD, ba baƙo ba ne a ƙasar Maradi, domin a nan ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara gwada shi a shekarar 1991, kafin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Na daɗe ina riƙe wa wani gungun mata na unguwar Bagalam littafin lissafi, saboda haka ra'ayina na wadda ta ga shigar kuɗin da fitarsu ne. A ganina, wajen kare mace daga faɗawa cikin ƙunci babu wata hidimar kuɗi a garin nan da ta kama ƙafarsa, amma wadda take neman jarin da zai ɗaga sana'arta daga tire zuwa shago za ta tarar da shi gajere.

Yadda ake gudanar da shi ba shi da wuya. Mata tsakanin 15 zuwa 30 ne suke haɗuwa, su zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda, su riƙa yin zubi kowane mako a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Bambancinsa da adashe shi ne ba kwasa ake yi bi da bi ba. Wadda take da bukata ita ce take karɓar rance, ta mayar da shi da ɗan ƙari cikin wata ɗaya zuwa uku, sannan bayan wata 9 zuwa 12 a fasa asusu, kowace ta karɓi zubinta da rabonta na ƙarin. A gefe guda akwai ɗan ƙaramin zubi na taimako, wanda ake bai wa wadda rashin lafiya ko rasuwa ko gobara ta sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauri da rufin asiri. Macen da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ko wadda gyaɗa ta ƙare mata ana gobe kasuwa, tana samun jika 10 ko 20, wato Sefa dubu 10 ko 20, a zaman makon ba tare da takardar fili ba, ba tare da mai tsaya mata ba, ba kuma tare da ta yi sawu zuwa wani ofis ba. Shaidarta ita ce halinta, wanda maƙwabtanta suka fi kowane ma'aikacin banki sani. Akwai kuma wani amfanin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, alhali kowace mace ta san shi: kuɗin da ke ɗaure a bakin zane kowa yana da haƙƙi a kansu, daga maigida zuwa ƙanin miji zuwa mai biki, amma waɗanda suka shiga akwati mai kwaɗo uku sun tsira, kuma mai su tana iya cewa babu ba tare da ta yi ƙarya ba. Gungun da suka yi dabara sukan sa ranar rabo ta faɗo gab da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ake neman iri da taki.

Maganar ƙari ita ce ta fi jawo ce-ce-ku-ce. A gungu da yawa, har da namu, kashi 10 cikin ɗari ake ɗorawa a wata, wato mai jika 20 za ta ƙara jika 2 duk wata. Idan aka tuna cewa a 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashe masu amfani da Sefa a Afirka ta Yamma sun ƙayyade wa ƙananan cibiyoyin ba da rance kashi 24 cikin ɗari a shekara, za a ga cewa kuɗin akwati ba su da arha ko kaɗan. Masu kare tsarin suna cewa ai ƙarin yana komawa hannun matan ranar rabo, kuma gaskiya ne, sai dai wadda ta fi yawan cin bashi, wadda galibi ita ce mafi ƙaramin ƙarfi, ita ce take biyan ribar da mai hali take ɗauka. Ga kuma batun riba a shari'a, wanda a gari irin Maradi ba abin wasa ba ne, har yakan sa wasu mazaje su hana matansu shiga. Na fi yaba wa gungun da suka bar ƙarin, suka koma sayen gero ko wake da kaka su adana, su sayar idan farashi ya tashi.

Inda ƙarfinsa ya tsaya kuwa lissafi ne yake nunawa. Mata 25 masu zubin dala ɗari, wato Sefa 500, a mako suna tara jika 12 da rabi duk mako, wato jika 650 a shekara idan ba wadda ta yi fashi. Wannan ya isa a juya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da awara da ƙosai, amma abin da zai kai hannun mace ɗaya ba zai sayi injin matsar mai ko firiza ba, kuma wa'adin wata uku ya yi kaɗan ga mai kiwon ragon Layya. Bugu da ƙari, yawancin matan gungu ɗaya sana'a ɗaya suke yi a unguwa ɗaya, don haka duk abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa kowa. Mun ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sa'ad da zirga-zirga ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta yi rauni: ciniki ya ja baya, masu neman rance suka yi yawa, masu zubi suka ragu.

Babban giɓinsa shi ne matan da aka fi ambata a jawaban tallafi su ne suka fi wuyar shiga. Tunda mata su ne suke zaɓen junansu, macen da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko mai naƙasa, ko ƴar gudun hijirar da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Zamfara ko Sakkwato zuwa yankin Gidan Rumji tun 2019, ba kasafai ake gayyatarta ba, don ana tsoron ba za ta iya zubi ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya, to ita wannan ba ta da na cikin.

A nan ne ya kamata kuɗin masu tallafi su shigo, amma ba ta bakin akwati ba. Wata ƙungiya ta taɓa zuba wa gungunmu tsabar kuɗi da niyyar ƙara mana jari, sai ga matan da ba su taɓa saɓa alkawari ba sun fara jan ƙafa wajen biya, domin an ɗauka kuɗin ba su da mai su, kuma sai da aka sha wuya kafin amana ta dawo. Tallafin da na ga ya yi albarka shi ne wanda ya tsaya a wajen akwatin: ajin yaƙi da jahilci da ya sa mata suke duba littafi da idonsu maimakon dogara ga irina, ɗakin ajiyar hatsi, da kuma jar akuyar Maradi da ake bai wa marar ƙarfi bisa al'adar habbanaye ta Fulani, ta riƙe ƴaƴan, ta miƙa uwar ga wata. Wadda ta samu akuya biyu tana da abin da za ta fara zubi da shi. Haɗa gungu da cibiyoyin ba da rance kuma yana da kyau ga ƴan kasuwar da suka riga suka kafu, sai dai sharaɗin cewa kowa ya lamunci kowa yakan sa bashin mace ɗaya ya cinye zubin sauran.

Duk wadda take son shiga, ina ba ta shawara ta halarci zama tukuna ta ga ko ana ƙirga kuɗi da babbar murya a gaban kowa, ta tambayi su wane ne masu riƙe da makullai don ta tabbatar ba ƴan gida ɗaya ba ne, sannan ta zaɓi gungun da zubinsa bai fi abin da za ta iya fitarwa a cikin watan Agusta ba, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara.