Jakar goyo ta Osprey Farpoint 40: yadda take a tafiyar gaɓar tekun Kenya da Tanzaniya

Wanda zai tashi daga Katsina ya bi gaɓar tekun Gabashin Afirka, ya fara da Mombasa, ya leƙa kufan Gede, ya gangara Kilwa, sannan ya tsallaka Zanzibar, ya bar akwati mai taya a gida. Taya ba ta juyawa a rairayi, yawancin lungunan tsohon garin Zanzibar mota ba ta shiga, kuma kwale-kwalen da ke kai mutane tsibirin Kilwa Kisiwani daga Kilwa Masoko, idan ruwa ya janye, sai an tattare wando an taka ruwa kafin a hau. Jakar goyo ake bukata, kuma Farpoint 40 ta kamfanin Osprey tana cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan hanya. Aibinta ɗaya ne babba: ruwa yana shigarta.

Cikinta lita 40 ne, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, tsawonta wajen santimita 55. Wannan tsawon ya yi daidai da ma'aunin kayan hannu na yawancin jirage. Jirgin Ethiopian Airlines da ake hawa daga Kano zuwa Addis Ababa kilo 7 yake bari a shiga da shi a ƙaramin aji, wato kilo biyar da rabi ya rage maka bayan nauyin jakar. Ya isa idan ka yi hankali: riguna marasa nauyi 3, wando 2, kayan shiga ruwa, siririyar sallaya, tawul ƙarami mai saurin bushewa, silifas, magani da caja. Shadda mai sitati ta zauna a gida, domin danshin gaɓar teku zai lanƙwasar da ita a rana ɗaya, kuma ba ta bushewa da wuri.

Bakinta yana buɗewa baki ɗaya kamar akwati, ba sai ka zazzage komai ba kafin ka kai ga abin da ke ƙasa. Akwai siririn ƙarfe a bayanta da ke sauke nauyi a kan ɗamarar ƙugu. A nan mutane da yawa ke kuskure: su bar ɗamarar tana lilo, kafaɗa ta ɗauki komai, kafin azahar wuya ya riƙe. Ka fara ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, sannan ka ja maɗaurin kafaɗa, sannan na ƙirji. Abin da ya fi burge mu shi ne marfin baya mai zif wanda ke rufe maɗauran gaba ɗaya. Idan yaron mota zai jefa ta bayan matatu a Kenya ko saman daladala a Tanzaniya, wato motocin hayar can, ka rufe su tukuna, don maɗaurin da ya maƙale a ƙarfe shi ne ke fara tsinkewa. Mata su nemi 'yar'uwarta, Fairview 40, wadda aka yanka maɗauranta daidai jikin mace.

A tsohon samfuri, aljihunan raga biyu na gaba ba su da amfani sosai. Da jakar ta cika, gorar ruwa ba ta zama a ciki. A wannan samfurin kuma aljihun kwamfuta yana gaba, nesa da baya, sai nauyin ya riƙa jan mutum ta baya.

Yanzu maganar ruwa. Ba a sayar da ita da rigar ruwan sama, kuma ko ka sayi rigar, daga sama kawai take tarewa. A kwale-kwale ruwa ta ƙasa yake zuwa, ya taru a gindin jirgin inda ake jibge kaya. Mutumin Katsina zai ce ai sai a naɗe komai a leda, to Kenya ta haramta ledar sayayya tun 2017, Tanzaniya kuma tun 2019, kuma dokar ta shafi baƙi. Mafita ita ce ƙaramar jakar roba mai naɗin baki, ta lita 10, a sa ta cikin babbar. Fasfo, katin rigakafin shawara, waya, kuɗi da takardar inshorar da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024 duk su shiga nan. Ana matse iskar ciki, a naɗe bakin sau 3 aƙalla, sannan a maƙala maɓallin. Naɗi biyu yana yoyo. Gwada ta tun a gida: sa takarda a ciki, naɗe, danna ta cikin bokitin ruwa na ɗan lokaci, ka duba. An yi ta ne don feshin ruwa da faɗawa na ɗan lokaci, ba don nutso da ita ba. Wanda zai je tsakanin Maris da Mayu, lokacin damina mai ƙarfi a can, ya sayi rigar ruwan ma.

Gishiri ya fi ruwan ɓarna. Iskar teku kaɗai tana barin farin gari a kan zif, ya haɗu da rairayi, kan zif ɗin ya cije. Idan ya cije kada ka ja da ƙarfi, haƙoran ne za su buɗe. Zuba ruwan famfo, goge da tsohon buroshin haƙori, bari ya bushe, ka goga kyandir a kai. Man girki ko na inji yana tara ƙasa, kada a sa.

A kufai kuwa abin lura shi ne bango. Mu da muka saba da ginin ƙasa irin na Hasumiyar Gobarau ba ma tsoron jingina kaya da katanga, amma Gede da Kilwa da dutsen murjani aka gina su, kuma yana da kaifi kamar magogi. Babban Masallacin Kilwa da fadar Husuni Kubwa, a garin da Ibn Batuta ya ziyarta a 1331, wurare ne da ake yawo a ƙafa cikin rana, haka ma Fort Jesus da Turawan Fotugal suka fara ginawa a Mombasa a 1593. Lita 40 ta yi yawa ga irin wannan yini. Bar ta a masauki, ka haɗa kawunan zif biyu na babban aljihun ka sa ƙaramin kwaɗo, ka fita da jakar robar da gorar ruwa.

Idan tafiyar ta haɗa da shiga kogo, a bambanta abu biyu. Kogon Kuza da ke Jambiani a Zanzibar tafki ne na ruwan daɗi a cikin dutse, ana sauka ta matakala a yi iyo. Abin da ake bukata gilashin ruwa ne da takalmin roba mai tauri a ƙasa, wanda zai yi maka amfani a bakin teku ma, inda wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya ke kwance tsakanin duwatsu. Nutso cikin kogo da tukunyar iska wani aiki ne daban. Takardar shaidar nutso ta matakin farko mita 18 ta ba ka, a buɗaɗɗen ruwa, ba ta ba ka izinin shiga inda dutse ya rufe samanka ba. Masu wannan aiki suna ɗaure igiya tun daga bakin kogo, suna riƙe tocila 3, kuma suna raba iskarsu kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Dalili shi ne bugun ƙafa ɗaya yana tayar da laka, gani ya ɗauke, wanda ba shi da igiya ya rasa ƙofa. Tukunya da rigar nutso haya ake yi a can, ba su da wuri a wannan jaka. Gilashinka kawai ka ɗauka, wanda ka gwada a fuskarka: ɗora shi ba tare da maɗauri ba, ja iska ta hanci, idan ya manne ya yi. Sa shi a tsakiyar tufafi don kada ya fashe. Bayan nutso fiye da ɗaya a bar aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama.

Sabuwar Farpoint 40 tana da tsada, kuma kuɗinta yana bin dala. Yawancin masu nema a nan sai dai su duba wajen 'yan gwanjo a Babbar Kasuwar Katsina ko Ƙofar Wambai a Kano, kuma ba kullum ake dacewa ba. Idan ka samu, buɗe ta ka shinshina, ka shafa cikin da hannu. Shafen robar da ke jikin yadin idan ya fara danƙo ko yana ɓarewa kamar fatar albasa, ya mutu, ba mai gyara shi. Ja kowane zif daga farko zuwa ƙarshe sau biyu, ka nemi tambarin kamfanin zif na YKK a kansa, domin jabu sun yi yawa. Ɗinkin da ya saki a gindin maɗaurin kafaɗa shumeka zai kama shi da zaren nailan, maɓallin da ya karye ma ana canzawa, amma ƙarfen baya da ya karye dalili ne na barin ta. Ce wa mai kaya, “Alhaji, bari in sa mata nauyi in gani,” ka zuba kaya kamar kilo 7, ka goya ta ka zagaya layin. Idan ɗamarar ba ta sauka a kan ƙashin ƙugunka ba, tsawon bayan bai yi maka ba, domin tsohon samfuri girma biyu ake yin sa.

Bayan an dawo a wanke ta da hannu da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, duk aljihunan a buɗe, har ta bushe sarai. Jakar da aka naɗe da ɗanshin teku fumfuna take yi, wadda kuma aka jefa saman silin ƙarƙashin kwano ta sha zafin Afrilu, shafen cikinta ne zai narke.