Ventoy ko VirtualBox: wanne ya dace da mai rubuta manhaja a Garwa?

Yawancin masu koyon rubuta manhaja a Garwa da Marwa kwamfutar gwanjo ce a hannunsu, HP ko Dell, ram giga 4, batir kuma ya riga ya gaji. A kan irin wannan na'ura ya kamata a auna kayan aikin nan biyu.

VirtualBox na kamfanin Oracle kwamfuta ce a cikin kwamfuta: Windows na aiki, Linux na aiki a taga guda. Daɗinsa shi ne kana iya adana yanayin na'urar kafin gwaji, in abu ya ɓaci ka dawo da ita yadda take. Amma ram raba shi ake yi. Windows 10 kaɗai na cinye kusan rabin giga 4, ka ba Ubuntu (wani nau'in Linux) sauran, sai duka biyun su koma rarrafe, fanka na ta kuka a zafin Afrilu. Dole kuma a kunna VT-x ko AMD-V, saitin da ke barin kwamfuta ta yi aiki cikin kwamfuta, a BIOS, wato saitin na'ura na lokacin kunnawa (F10 a HP). In ka ga hoton koren kunkuru a ƙasan taga, Hyper-V na Windows, mai irin aikin VirtualBox, shi ne ya tare hanya, a kashe shi.

Ventoy, manhajar da ke sa kwamfuta ta tashi da Linux kai tsaye daga filash, wanda ya fito a 2020, ya fi burge ni. Sau ɗaya za ka ɗora shi a filash, kuma zai goge duk abin da ke ciki, don haka ka kwashe kayanka tukuna. Daga nan sai kwafar fayilolin ISO kawai, wato fayilolin da Linux ke zuwa a ciki. Yana amfani da tsarin ajiyar fayil na exFAT, shi ya sa Ubuntu 24.04 mai kusan giga 6 ke shiga lafiya, abin da FAT32 ba ya ɗauka. Da kunna na'ura, danna F9 a HP ko F12 a Dell ka zaɓi filash ɗin, Linux ya mallaki na'urar baki ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙa: aikinka a ram yake zaune. Wuta na ɗaukewa, batir ba rai, shi ke nan komai ya tafi, har manhajojin da ka ƙona data ka sauko da su. Maganinsa fayil ɗin ajiya da ake ƙirƙira da CreatePersistentImg.sh, a ambata shi a ventoy.json, fayil ɗin saitin Ventoy. Giga 1 yake bayarwa in ba ka ƙara ba, ba ya isa komai. Ko da shi ma, npm, mai sauko da kayan JavaScript, na zuba dubban ƙananan fayiloli, filash mai araha kuwa nan take yake sarewa. Docker, mai gudanar da manhajoji a keɓe, shi ma ba ya jin daɗi, domin tsarin ajiyarsa na overlay ba ya hawa kan wani overlay, irin wanda Linux na filash ke amfani da shi. A gwada kowane sabon filash da H2testw, manhajar auna ainihin girman filash, jabu ya yi yawa.

Mai ram giga 8 zuwa sama da SSD, ya riƙe VirtualBox don aikin kullum. Mai giga 4, Ventoy na gwaji ne da ceto fayiloli. In aiki ne na gaske, ya girka Debian, wani nau'in Linux, mai fuskar Xfce mara nauyi a kan SSD na waje, ya soka shi a ramin USB 3.0.