Injin kofi mai yin kumfar madara, abin da na gani

Masu tambayata kan injin nan da na saya, kofinsa dai ba laifi, amma ni kumfar madarar ce ta sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Akwai wani ɗan jug na madara da ake maƙala masa a gaba, a kan murfin akwai abin murɗawa. Da yawa sun ɗauka ƙarfin tururi yake ƙarawa, a'a, iska yake ragewa ko ya ƙara. Tururin na fitowa da gudu ta wata matsattsiyar hanya, gudun nan ne ke zuƙo madara daga ƙasa ta ɗan tiyo ya kuma zuƙo iska ta wani rami ƙarami kamar kafar allura, sai su gauraya su fito tare. In ka murɗa har ƙarshe ramin ya buɗe sosai, kumfa ta taso tim irin ta kafucino, wato kofin nan mai kumfar madara a sama, ka zuba sikari a kai ya ɗan tsaya kafin ya nutse. In ka rage kuma sai ta fito sumul da sheƙi ba ka ganin ƙwayoyin kumfar, wannan na fi so wallahi. Ka rufe gaba ɗaya madara mai zafi kawai za ka samu, yara na shan shayi da ita.

Madarar fa sai mai sanyi daga firij, kuma in tururin ya ɗumama ta kar zafinta ya wuce digiri 60 zuwa 65 na Celsius, in ya haura 70 furotin ɗin da ke riƙe kumfar ya lalace, ɗanɗanon ma ya koma na dafaffiya. Na gwada madarar gari, tana yi in ka dama ta da kyau ka tace ka sa a firij, amma gudan garin da bai narke ba ko ɗaya in ya shige tiyon ka shiga uku. Ta gwangwani ta yi kauri, sai an sirka da ruwa.

Inda ya ban haushi wanki ne. Ramin iskar nan da madara ta bushe a ciki shi ke nan, sai injin ya dinga tari yana feso madara ba kumfa, ka ɗauka ya lalace alhali toshewa ce, ka kwance murfin ka jiƙa a ruwan ɗumi ya dawo daidai. Ga cin wuta, ya haura wat 1000, ƙaramin inbata ba zai ɗauke shi ba.

In baƙin kofi kake sha zalla, kar ka ɓata kuɗinka, sayi wanda ba jug ɗin ya fi araha.