Mobil 1 FS 0W-40 a injin Porsche Cayman: mai ne nagari, amma a yi masa juye da wuri

Mobil 1 na cikin tsofaffin baƙin mai na sintetik, domin tun 1974 yake kasuwa, kuma da shi Porsche ke cika injinan sababbin motocinta tun 1996. Samfurin da nake amfani da shi, FS 0W-40, ina zuba shi ne a Cayman S ƙirar 987, mai silinda shida a kwance da inji lita 3.4 da aka dasa a tsakiyar mota. Hukuncina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa, amma ingancinsa ba ya ba mai mota lasisin bin doguwar tazarar juye da aka rubuta a littafin motar, musamman a yanayi irin namu.

Abin da ya fi muhimmanci a jikin galan ɗin yana baya, inda aka jera shaidar amincewar kamfanonin mota. A can za a ga Porsche A40, da MB 229.5 ta Mercedes, da VW 502 00, da kuma ajin ACEA A3/B4 na ƙungiyar kamfanonin mota ta Turai. Wannan aji na ƙarshe yana nufin cewa idan aka gwada man a zafin digiri 150 cikin matsanancin guga, kaurinsa ba zai yi ƙasa da ma'auni 3.5 ba, kuma wannan kaurin ne ke raba ƙarfe da ƙarfe a lokacin da allurar inji ta haura dubu shida. Mai sayen baƙin mai don irin wannan mota ya fara neman A40, sannan ya duba lambar da ke gaban galan ɗin, wato irin su 0W-40.

A kan lambar gaban ce ake yawan musu a gareji. Makanikai da yawa, da zarar sun ga 0W, sai su ce man ruwa ne, na ƙasashen ƙanƙara, ba zai jure zafin Kano ko Sakkwato ba, a zuba 20W-50 a huta. Sun yi kuskuren karanta lambar. Sifilin da harafin W suna bayani ne kan yadda man ke gudana a cikin sanyi, har ana gwada shi a digiri 35 ƙasa da sifili, alhali 40 ɗin ce ke faɗin kaurinsa idan inji ya ɗauki zafi, kuma a nan ajinsa ɗaya da kowane 5W-40 ko 15W-40. Gaskiya ne cewa mu ba mu da sanyin da zai sa mu bukaci 0W, amma ba ya cutar da komai, har ma yana da amfani: inji yana cin ƙarfe sosai a daƙiƙun farko bayan an tayar da shi, kafin mai ya kai ko'ina, kuma na'urar VarioCam Plus da ke sarrafa buɗewar bawul a wannan inji da matsin mai take aiki. Da safe injin yana tashi ba tare da ƙarar tafet ba, ko da motar ta yi mako a ajiye.

A doguwar hanya, kamar ta Abuja zuwa Kaduna da tsakar rana, ban ga abin zargi ba. Sautin injin ba ya canzawa, kuma abin da yake sha kaɗan ne tsakanin juye da juye. Wannan ƙirar ba ta da sandar auna mai, sai ma'aunin lantarki a dashbod, wanda ke bukatar a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri a ɗan jira kafin ya nuna layukansa, don haka duk mai irinta ya saba da duba shi duk lokacin da ya tsaya shan fetur.

Rauninsa yana cikin faɗin tazarar da ke tsakanin 0 da 40. Kaurinsa a digiri 100 yana kusa da ƙasan ajin 40, wanda ya fara daga 12.5 ya tsaya ƙasa da 16.3, kuma duk man da aka shimfiɗa haka yana dogara da sinadaran riƙe kauri waɗanda guga ke tsinkawa a hankali. Idan aka haɗa da fetur ɗin da ke silalewa ta gefen ringi ya gauraya da mai, abin da ya fi yawa a gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa cikin gosulo, sai a iske bayan wasu dubban kilomita man ya tsinke ya doshi ajin 30. Wanda ke kai motarsa filin tsere, ko yake matsa mata na tsawon lokaci, zai fi samun natsuwa da 5W-40 ko 5W-50 mai shaidar A40.

Daga nan ne batun lokacin juye ya taso. A Turai, Porsche ta ba motocin wannan zamani tazarar da ta kai kilomita 30,000 ko shekara biyu, kuma an yi wannan lissafi ne da fetur mai tsabta, da iska marar ƙura, da tituna masu buɗewa. Mu kuwa muna da ƙurar hunturu da ke shiga ko ta ina, da zafin Maris da Afrilu, da fetur ɗin da ya daɗe yana ɗauke da sulfa mai yawa, wadda ke zama asid a cikin mai ta cinye sinadaran kariyarsa. Ga shi kuma injinan Porsche na wannan zamani, masu lambar M96 da M97, sun yi suna da matsalar karcewar bangon silinda da ta boris ɗin IMS, wato sandar da ke miƙa juyin inji zuwa kamshaf, shi ya sa hatta ƙwararrun makanikan Porsche a Ingila da Amurka suke ba da shawarar a rage tazarar sosai. Ni ina ganin kilomita 5,000 zuwa 7,500, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne daidai a nan, tare da sabuwar filta kowane karo. Motar da ba a hawa sai ranar Asabar ma ba ta tsira ba, domin danshi da fetur suna taruwa a man da ba ya samun cikakken zafi. Yana da kyau a buɗe tsohuwar filtar a baje takardarta a rana. Idan aka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, injin yana bukatar a duba shi tun kafin ya buga.

Kuɗi ba ƙaramin al'amari ba ne, tunda injin yana cin kusan lita takwas, wato galan biyu masu lita huɗu a kowane juye. Motul 8100 X-cess 5W-40 da Shell Helix Ultra 5W-40 duk suna da A40, kuma idan an same su da rahusa babu asara a komawa gare su. Abin tsoron shi ne jabu, domin man da ya yi suna shi ake fi kwaikwayo, har ana cika tsofaffin galan a sake liƙe su. A Najeriya kamfanin 11 Plc, wanda a da ake kira Mobil Oil Nigeria, shi ke rarraba man Mobil, kuma sayayya daga dillalin da aka amince da shi ta fi arahar bakin titi. A duba murfi da hatiminsa, a kuma huda galan ɗin bayan an juye.

Masu sababbin Porsche su lura cewa wannan samfurin ba lallai ne ya dace da motarsu ba. Waɗanda aka sanya wa matatar hayaƙi ta fetur suna bukatar mai marar toka da yawa, mai shaidar C40 ko wadda littafin motar ya ambata, alhali FS 0W-40 mai cikakkun sinadarai ne da tokarsa kan toshe irin wannan matata a hankali.