Kulocin MGB ɗina da tsohon mai injin tana na hanyar Sakkwato

Motar MGB ce ƙirar 1969, 'yar kujera biyu mai rufin tamfol, wadda kawuna ya saya hannun wani Bature da zai koma gida, tun Gusau tana tashen auduga da gyaɗa. Sitiyarinta a dama yake, don ta shigo kafin 1972, shekarar da Najeriya ta koma bin hannun dama a titi. Da kawu ya rasu babu wanda ya so ta cikin magada, ni na karɓa. Ranar Juma'a da yamma kawai nake fito da ita.

Tun bara kulocinta ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. In na taka feda sai ta yi tafiyar yatsu uku a banza kafin in ji nauyi, kuma ko na danne ta har ƙasa, ribas ba ta shiga sai da ƙarar da ke sa 'yan kabu-kabu waiwayowa. Gareji biyu na kai ta, duka bakinsu ɗaya: farantin kuloci ya cinye, a sauke inji. A MGB wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ba a kai wa ga farantin sai an fito da injin ɗungurungum. Ga shi tun 1980 aka daina ƙera ta a garin Abingdon na Ingila, kayanta sai an yo oda. Ga notocinta na inci ne, ba na milimita ba, yaran gareji kuwa in sifana ba ta zauna ba guduma suke nema.

Wani abokina mai tsohuwar 504 ne ya kwatanta mini rumfar wani dattijo a bayan hanyar Sakkwato. Ba allo, ba suna, sai injin tana guda na fere ƙarfe, injin huda ƙarfe, tukunyar walda da yara biyu. Abin da ya fara burge ni, bai ce in tada mota ba. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin da ke kan fedodin, ya ɗora yatsa a kan sandar masta, wato ɗan famfon da ke tura man kuloci, ya ce in taka a hankali. Na taka. Sai ya yi dariya.

"Ɗana, ƙafarka na tahiya, sanda na kwance. Wanga ba ciwon inji na ba."

Na ce, "Baba, to mene ne?" Ya zare wani ɗan fin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya sa mini a tafi. Kulocin motar nan da mai yake aiki, irin man birki: feda ta tura sandar masta ta sama, mai ya bi bututu ya tura masta ta ƙasa da ke jikin giyabos, ita kuma ta raba faranti da inji. Ɗan fin ɗin nan shi ke haɗa feda da sandar. Shekara hamsin da ɗoriya yana goga ba giris, ya yi ƙugu kamar kalangu, ramin da ke jikin fedar kuma ya tashi daga zagaye ya koma siffar ƙwai. Da yake ramin yana kusa da inda fedar ke rataye, ƙafa kuma tana can ƙarshe, ɗan wasan da bai taka kara ya karya ba a sama sai ya ninku a ƙasa. Tafiyar da ya kamata ta tura mai, a cike giɓi take ƙarewa.

A nan na ga bambancinsa da masu lallaɓa aiki. Wani da ƙusa mai kauri zai cusa, ko ya cike ramin da walda ya huda da ido. Shi ya fito da fedar, ya auna, ya faɗaɗa ramin ya dawo zagaye, ya fere bushin, wato ɗan zobe, na tagulla a injin tana ya danna ciki. Ya ce gara tagulla ta ci da ƙarfen feda ya ci, don ita gobe a zare a sa wata. Bakin sandar masta ne ya yi wa walda ya sake hudawa. Ya yi sabon fin, ya canza bushin ɗin da fedar ke lilo a kai, sannan ya kwanta ƙarƙashin mota ya nuna mini fin na biyu, na masta ta ƙasa, shi ma ya cinye. Wannan ban roƙa ba, shi ya gano.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Kwana biyu ya ce, ta yi biyar. Rashin wuta ya ci kwana biyu, ɗayan kuwa ɗaurin aure ya tafi Kaura Namoda bai gaya mini ba. Waya ba ya ɗauka. Yaronsa ya bar mini tambarin baƙin mai a kujera, har yau da sauransa. Kuma da aka fitar da iska daga bututun, man da ya ɗiga a gefen inji sai da na yi magana aka goge, alhali man birki fenti yake ci. Mai son rasit da wurin zama mai fanka, ba nan ba.

Naira dubu 22 ya karɓa, har kuɗin tagulla da mai, bai kai rubu'in abin da aka yanka mini na sauke inji kaɗai ba. Na ɗauke ta na bi hanyar Bunguɗu na dawo. Kuloci ya koma kamawa a tsakiya, ribas na shiga shiru, ƙugin da fedar ke yi in na taka ya ɓace.

Da zan tafi ya leƙo ta taga ya ce kada in riƙa aje ƙafa kan kuloci in na tsaya a cunkoso, don abin da ke danna farantin motar nan zoben gawayi ne, ba boris ba, in ya cinye to ranar dole a sauke inji. Ya kuma ce fedar birki, da ke rataye kan ƙusa ɗaya da ta kuloci, ta fara irin wannan wasan. Na ce bayan sallah zan kawo ta, amma wannan karon da buhu zan rufe kujera.