Siminti ko gam: da me za ka kafa tayil ɗinka?

Kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja sayen kayan aiki, ɗauki tayil ɗaya ka kifa shi, ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan take, tayil ne na gama-gari, kwaɓin siminti da yashi zai riƙe shi a daɓe muddin an jiƙa shi tukuna. In ruwan ya tsaya cik, fosilin ne, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Siminti zalla ba ya kama irin wannan da kyau. Na ga falon da ko shekara bai yi ba, kana ƙwanƙwasa tayil yana amsawa kamar ganga, wasu har sun ɗago. Abin ya ba ni takaici, domin maigidan ya kashe kuɗi a kan tayil mai tsada, ya yi ƙoƙarin rage kuɗin gam.

Wani mai sa tayil zai ce maka gam na buhu ɓarnar kuɗi ne. Gaskiya ya fi siminti tsada, amma shimfiɗarsa siririya ce, kuma yana kamawa. Duba haruffan da ke jikin buhun. C1 na ƙananan tayil ne masu shan ruwa a cikin ɗaki. C2 ya fi ƙarfi, shi ne na fosilin da banɗaki. T na nufin tayil ba zai zame a bango ba, E kuma gam ɗin zai kai minti 30 a shafe kafin ya yi ɓawo, maimakon 20. Ga mai aiki da hunturu ko zafin bazara, wannan E ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Baranda mai shan rana da manyan tayil, nemi mai S1, yana jure motsin zafi da sanyi.

Buhun da ya dunƙule, danshi ya shige shi, bar musu kayansu.

Sannan ka tsaya a kan aikin. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, a shafa da cokali mai haƙora, ba a ɗora curi biyar a bayan tayil ba. In ya fara bushewa a kwano, a zubar, kada a ƙara masa ruwa.